Bindigar Kaka a Cikin Tabarma

Bakina ne ya jawo min, ba zan ɗora wa kowa ba. Muna zaune a mamak ɗin da ke ƙasan gidanmu a Taman Melati, wato shagon shayi da abinci irin na Malesiya, mu ɗaliban Arewa masu karatun digiri na biyu da na uku, ana shawarar abin da za mu ajiye a teburin Najeriya ranar baje kolin al'adu ta jami'a. Kowace shekara abu ɗaya ne: hula, kilishi, kwalbar turaren wuta, sai wata ta zauna tana yi wa 'yan matan Indonesiya lalle. Na ce haba jama'a, mu ba mu da tarihi ne sai na ƙamshi da ciye-ciye? Wani ya ce to Hajiya sarkin faɗa, ke me kika taɓa kawowa? Na ce ni jikar maharbi ce, kuma ba ƙaramin maharbi ba, ku ba ni wata huɗu ku ga abin da zan shimfiɗa a teburin nan.

Kakanmu na wajen uba shi ya riƙe mu, ni da Yayana, bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙauyenmu yana can kudancin Kano, kuma a lokacin daji bai ƙare ba, da ka fita bayan gari ka shiga kurmi. Makarantar firamare tana ƙauyen gaba, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Kullum da safe Kaka zai saɓa bindigarsa ta toka ya sa ni a gaba har ƙofar aji, sannan ya ratse daji. Ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Amaryata yake ce min, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce Allah ya kiyaye in auri tsoho mai warin hayaƙi. Faɗanmu ɗaya ne da shi: yana yage min takardun littafin rubutu. Sai in buɗe jaka in ga shafi ya yi ƙafa, in zo ina kuka ina dire-dire, ina cewa ya ƙunsa tabarsa a ganye mana kamar sauran tsofaffi. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya miƙo min cinyar zabuwar daji. Ina aji huɗu ya rasu, daga nan Yaya ya karɓi rakiyar, a kan keke.

Da na hau sama ranar na kira Yaya. Shi ne a gidan har yau, yana nomansa, kuma ɗakin Kaka yana nan yadda ya bar shi. Na lissafa masa abu huɗu, har na sa ya maimaita: rigar farauta mai layu, burgami, ƙahon da yake busawa, da warki. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Chow Kit da ke kawo kwantena ta jirgin ruwa, zoɓo da citta da kuka da daddawa da tsintsiya, kuma yakan bar wa ɗalibai ɗan gurbi su saka saƙonsu. Na ba Yaya kwatancen wakilinsa a Kano. Ya ce an gama, ranki ya daɗe, 'yar boko.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki Alhaji ya kira ya ce kaya sun iso. Na sauka daga jirgin monorel a Chow Kit rana na tsaka, na ratsa ta kasuwar kifi ina tattare bakin abayata saboda ruwan da ke kwance a ƙasa. Shagon Alhaji yana saman wani kedai, wato kanti, na wayoyi. Ya turo min kwali ɗaya, ya duba takardarsa ya ce, "Nan an rubuta ƙulli biyu da sunanki, kwali da tabarma. Tabarmar dai ba mu gan ta ba, ƙila ta bi kayan wani a sito. Ki yi haƙuri, Malama."

Na ce, "Tabarma kuma? Yaya ke nan da ƙarin gishiri. Bar ta kawai, Alhaji, me zan yi da tabarma a hawa na goma sha ɗaya?"

A nan shagon na buɗe kwalin. Warin ne ya fara dukana, hayaƙin itace da tsohuwar fata da man kaɗanya, warin da na tashi ina zagi, sai ga ni na tura fuska cikin rigar ina shaƙa. Layun suna nan reras a ƙirjinta, fatarsu ta yi baƙi sul. Na kira Yaya in yi masa godiya.

"Yaya, kaya sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Tabarmar ce kawai ta ɓata a hanya, amma ba komai."

Har na cire wayar daga kunne na duba ko layi ne ya yanke, sai ga muryarsa.

"Wace tabarmar ce ta ɓata?"

"Tabarmarka mana, wadda ban ce ka aiko ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bindigar Kaka ce a ciki."

Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce Yaya kanka ɗaya kuwa? Abu huɗu na ce, huɗu, har ka maimaita min! Ya ce, "Ke ma kin sani ba a raba burgamin da bindigar. A ƙusa ɗaya suke rataye tun yana da rai, kuma da bakinsa ya ce duk inda ɗaya ya je ɗayan ya bi shi. Ni ba zan iya raba su ba. Na naɗe ta a tabarma, na ɗinke da buhu, na ce wa wakilin tabarma ce don kar a tsaya dogon bayani. Ai tsohuwa ce, ta ado ce yanzu."

Ta ado! A Malesiya! Ƙasar da ko harsashi ɗaya aka kama ka da shi ba lasisi gidan yari ne, balle bindiga sukutum da aka shigo da ita ta ruwa da sunan tabarma. Kuma sunana ne a takardar, cikakke, yadda yake a fasfo. Saura wata biyar in kare digirina na uku. Shekara huɗu ina fama a ɗakin gwaje-gwaje, na baro 'ya'yana biyu wurin mahaifinsu a Kano, kuma takardar da na sa wa hannu kafin gwamnati ta turo ni ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya shiga hannun hukuma za a janye shi. Na zauna a kan buhun citta.

Alhaji ya ji komai. Ya tashi ya turo ƙofa, ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa. "Malama, ki dubi girman Allah. Ba ki ji komai ba, ni ma ban ji komai ba. Takarda ta ce tabarma, tabarma ta ɓata, shi ke nan. Idan kika buɗe baki, ni da ke duk mun shiga uku."

Wallahi na kusa yarda. Na ɗauki kwalina na koma gida ina gaya wa kaina cewa Alhaji ya fi ni sanin garin nan. Wata ƙawata da na gaya wa ita ma cewa ta yi, har da "lah" ɗin nan da mutanen garin ke ƙarasa magana da shi, "Ki ja bakinki ki yi shiru, lah. Saura wata biyar fa."

Washegari da safe ina ƙoƙarin rataye kayan, na zura hannu cikin burgamin na taɓo 'yar gorar da yake zuba albarushi. Babu komai a cikinta. Amma ina riƙe ta, wata safiya ta dawo min gaba ɗayanta. Ranar Laraba ce, gwaggon biri sun addabi masarar mutane. Kaka yana zaune a bakin ƙofa yana ɗura bindiga, ina ɗaura ɗankwalin makaranta ina jin sandar ƙarfen tana daka, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya miƙe zai raka ni, jiri ya ɗebe shi a zaure. Yaya ya tare shi, ya karɓi bindigar ya rataye a ƙusa. Bai sake tashi ba, kwana shida ya yi ya cika.

Na sake kiran Yaya, ko gaisuwa babu. Na ce an taɓa harba ta bayan ranar? Ya ce wa zai taɓa ta? Na ce to a ɗure take. Ya ce haba, shekara nawa, ai albarushin ya daɗe da mutuwa. Ni kuwa kimiyyar sinadarai nake karantawa, na san albarushi idan bai sha ruwa ba babu ruwansa da tsufa. Na tsaya a taga ina kallon dogayen gidajen Setapak, taga bisa taga, kowace da shanyarta. A ɗaya daga cikin gidajen garin nan wani zai warware tabarma ya ga tsohon abin ban dariya, ya saita matarsa ko ɗansa da wasa. Na yi alwala na yi raka'a biyu, na ɗauki fasfo da katin makaranta da takardar Alhaji na fita.

Balai suke ce wa ofishin 'yan sanda a can. Na shiga ina jiran hayaniya irin wadda na sani, sai na tarar da sanyi da tukwanen fulawa da na'urar ba da lamba kamar banki. Wanda ke gabana wayarsa ce ta faɗi a bas. Da layi ya zo kaina, ɗan sandan da ke kan kanta ya ɗora yatsu a kan kwamfuta ya ce da Turanci, "Me ya ɓata, Puan?" Haka suke kiran matar aure.

Na ce, "Bindiga."

Yatsun suka tsaya. Bai daka tsawa ba, bai miƙe ba, ko girarsa bai ɗaga ba. Ya ɗauki waya ya faɗi kalmomi uku ko huɗu da yarensu. Wata ƙofa ta buɗe a gefe. Na haɗa hannuwana a gaba ina jiran ankwa, sai aka nuna min kujera a wani ƙaramin ɗaki aka ajiye min shayi. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan tsawa, domin na ji a jikina cewa wani babban abu ya fara motsi a bayan bangon nan kuma babu mai tsayar da shi.

Sufeton da ta karɓe ni mace ce 'yar ƙarama, hijabi a ƙarƙashin hular aiki, kuma na girme ta. Muryarta sai ka kasa kunne. Awa huɗu tana yi min tambaya, tambaya ɗaya ta ɓullo mata ta hanya uku. Ta rubuta sunan ƙauyenmu, ta rubuta ƙusar, ta rubuta birai da masara, ta rubuta ranar Laraba da shekarar da Kaka ya rasu. Ni da ba a iya tare min baki, ranar sai da na koma ina amsawa kamar 'yar aji ɗaya.

Daga ƙarshe ta ajiye biro ta ce, "Kin san girman abin da kika kawo kanki kika faɗa?"

Na ce na sani.

"To me ya sa kika zo? Da kin yi shiru, ƙila babu wanda zai taɓa sani."

Na ce, "Saboda a ɗure take."

Sannan ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, Puan. Takarda tana ɗauke da sunanki. An rubuta tabarma, ga shi bindiga ce, kuma ke da bakinki kin ce a ɗure take. Labarin kakanki daga wurinki kawai muka ji shi. Mai gabatar da ƙara ba ya aiki da labari, sai abin da zai riƙe a hannu. Idan ya ga dama ya ce jiya aka ɗura ta." Ta saka fasfona a cikin fayil ta rufe.

Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwar farfesa, ita ta zo ta tsaya min aka bar ni na tafi gida. Na shiga motarta ina jiran faɗa. Da muka kai Taman Melati sai ta tsaya a bakin wani kedai ta yo min tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na shinkafa da kaza ta ɗora min a cinya. Ta ce, "Makan, ci abinci tukuna. Gobe ki zo ɗakin gwaji ƙarfe takwas, aikinki bai san an karɓe miki fasfo ba."

Labari ya zaga cikin mutanenmu kafin la'asar. An kira Alhaji an yi masa tambayoyi, aka tsare sauran kayansa, ya daina amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba. A mamak idan na doso sai hira ta koma ta ƙwallo. Yaya ya kira har ya gaji, ban ɗauka ba.

Kwana uku kacal sufeto ta aiko a zo da ni. Ta juyo min da kwamfutarta ta ce in kalla. Ga sito can wajen tashar jiragen ruwa ta Klang, ga kwantenar Alhaji a buɗe, ga wani lebura ya rungumo damin tsintsiya, a tsakiyarsu wani dogon ƙulli a ɗinke da buhu. Ga motar da aka loda su. Ga motar a ƙofar biyan kuɗin hanya, ga ta a wata mahaɗa, ga ta ta tsaya a bakin wani shago. Na saki baki ina kallon bindigar Kaka tana ratsa birnin Kuala Lumpur a bayan akori-kura, hoto bayan hoto, kamar da ma an san za a nema. Na ce ikon Allah, ashe duk tafiyar da muke yi a garin nan a rubuce take.

Shagon kuwa na san shi. Na wata mata ce mai sayar da abincin Afirka a Wangsa Maju, tasha ɗaya tsakaninmu, can nake zuwa cin tuwo idan kewar gida ta ishe ni. A bayan ƙofar kicin ɗinta suka sami ƙullin, a jingine cikin tsintsiyoyi, taku biyu daga tukunyar gas ɗin da take girki. Baiwar Allah ba ta ma kwance shi ba, tana jiran ta sami sarari. Da na ji haka sai na hau salati.

An samu bindiga, amma fasfona yana cikin fayil. Bayan mako guda aka sake kirana, wannan karon zuwa wani babban ofishi, aka bi da ni ta ƙofofin ƙarfe har wani ɗaki marar taga. Tana kwance a kan tebur mai koren ƙyalle, fitila a kanta. Na yi shekaru ban kalle ta da kyau ba, ko na je gida ba na shiga ɗakin. Ta kusa kai tsawona. Ga ɗaurin jan fata guda uku, ga wuri biyu a jikin maratayinta, ga inda katakon ya yi santsi ya yi duhu, daidai wurin da kumatunsa ke kwanciya.

Mai kula da makaman wani tsohon saje ne mai furfura, tabarau rataye a wuya da zare. Da hannu biyu yake ɗaga ta, yadda ake ɗaukar jariri. Ya ce ya tsufa a cikin makamai bai taɓa riƙe irinta ba. Ya nuna min bututun ya ce wannan fa sandar sitiyarin babbar mota ce, wa ya ƙera? Na ce maƙerin garinmu, a ƙarƙashin tsamiya, da zuga-zugin fatar akuya. Ya sa sufeto ta sake fassara masa don ya tabbata ya ji daidai, sannan ya girgiza kai yana shafa ɗaurin fatar. Ya ce bisa ƙa'ida mai ake ɗura wa irin wannan a kashe abin da ke ciki, amma shi ya roƙi izini ya zaro ɗurin da hannu, a hankali, a gaban kyamara, domin yana so ya ga yadda mai ita ya yi aikinsa. Kwana biyu ya ɗauke shi.

Ya jawo wani farin faranti. Ga baƙin albarushi a 'yar leda. Ya ce ya gwada ɗan ƙanƙani, ya tashi fuu kamar yau aka daka shi. Ga tsakin ƙarfe da ƙwallayen boris na keke, duk sun yi tsatsa. Sai dunƙule biyu kamar goro, waɗanda aka toshe ɗurin da su. Ɗaya ya yi baƙi ƙirin saboda shi ne a kan albarushi. Ɗayan, na bakin, launin ƙasa ne kawai.

Saje ya ce, "Na ɗauka tsumma ne, ashe takarda ce. Ban buɗe ba, sai a gabanki."

Ya sa safar hannu, ya ɗauki hantsaki biyu ƙanana, ya fara warwarewa. Ninki ɗaya, ya tsaya, ya hura a hankali. Ninki na biyu. Na fara hango shuɗayen layuka. Sannan jan layin gefe. Sannan lambobi da fensir, manya-manya, a karkace, kowane bakwai da ɗan sandansa a ciki yadda malaminmu na lissafi ya koya mana.

Malamin nan yana da doka: duk ranar gwaji sai ka rubuta sunanka da ajinku da kwanan wata a saman shafi, in ba haka ba ka sha bulala. Saje ya kwantar da kusurwar ƙarshe da bakin hantsaki. Ga sunana da na mahaifina, da rubutun hannuna ina 'yar shekara tara. Ga aji huɗu. Ga kwanan wata.

Ban san lokacin da na ce "Kaka!" da ƙarfi ba.

Sufeto ta buɗe fayil ta zaro fasfona ta ajiye shi a buɗe kusa da takardar. Ta duba nan, ta duba can. Ta koma cikin bayanin da na ba ta ranar farko tana bin layi da yatsa har ta kai shekarar da na ce ya rasu, ta sake duba saman shafin. Na ji ta ce "Subhanallah" can ƙasan maƙoshi. Saje ya cire tabarau ya bar shi ya faɗa ƙirjinsa. Mu uku muka tsaya a kan 'yar takardar nan. Shekara kusan talatin tana dunƙule a cikin duhun bututu a ƙauyenmu, ta sha damina da rani a ƙusa ɗaya, ta hau mota zuwa Legas, ta ƙetare teku, ta kwana kusa da wutar girkin mutane, ba ta ƙone ba, ba ta ruɓe ba, sai da ta zo ɗakin da ake neman shaidar da za ta wanke ni. Ni mai aikin gwaje-gwaje ce, ina son a ba ni dalilin komai, amma ranar tsoron Allah ne ya rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Sufeto ta ce, "Wannan kam zai iya riƙewa a hannu."

Sai da aka ƙara mako uku. A cikinsu ranar baje kolin ta zo ta wuce, aka ajiye hula da kilishi da turaren wuta, ni ko leƙawa ban yi ba, bakina ya mutu murus. Sannan aka kira ni aka ce ba za a kai ni kotu ba. Aka karanta min gargaɗi mai zafi, na sa hannu, aka miƙo min fasfo. Bindigar kuwa ta zama ta hukuma, ba za ta sake komawa ƙusarta ba. Saje ya ce ya rubuta roƙo a ajiye ta kar a yanka, amma bai san abin da manya za su ce ba. Na tambaye shi ko zan iya taɓa ta. Ya ce, "Boleh," wato zan iya. Na ɗora tafin hannuna a wurin nan mai santsi, na yi wa Kaka addu'a. Da zan fita sufeto ta biyo ni har baranda ta ba ni takardar a cikin leda mai ƙarfi, ta ce an rufe fayil, sun ɗauki hotonta, wannan tawa ce.

A cikin jirgin ƙasa na LRT na kira Yaya, karo na farko tun ranar gorar albarushi. Ƙarfe uku ne a wurinmu, su kuwa hantsi bai gama ɗagawa ba, ina jin kukan awaki a bayansa. Na ce an sake ni, karatuna yana nan. Ya yi ta hamdala. Na ce amma bindigar ba za ta dawo ba. Ya ce, "Na ƙi raba su, ga shi da hannuna na raba su." Na ce Yaya bar wannan, ka san abin da aka samu a cikinta? Na ba shi labarin takardar.

Ya ce, "Au, ke da ba ki sani ba? Ai bai taɓa toshe ɗuri da wani abu ba sai takardarki. Ranar nan ma ni na riƙe masa littafin kina wanka. Shafi-shafi ya dinga buɗewa yana neman wanda jan biron malam ya yi sama duka, babu kuros ko ɗaya. Shi ke nan abin da ya iya karantawa. Cewa yake hannun amaryarsa na da sa'a, takardarki ba ta taɓa ba shi kunya a daji ba."

Na ce, "Ba taba yake ƙunsawa ba?"

Ya ce, "Wace taba? Kaka da ko goro bai dame shi ba."

Na ɗago ledar na duba. Tambaya goma, jan maki goma, duk sun kalli sama. Duk kukan da na yi masa, duk dire-diren, duk tsoho mai warin hayaƙi da na kira shi, bai taɓa buɗe baki ya gaya min ba. Na kifa kaina a kan jaka ina kuka a gaban mutane, ni da nake cika baki ba a ganin hawayena. Taman Melati ta zo ta wuce ban sani ba. Sai da jirgin ya tsaya a Gombak kowa ya fita, wani ma'aikaci ya leƙo ya ce min a hankali, "Puan, nan ne ƙarshen layi."